Filin Tambaya da Amsa: Waya da Kwamfuta a Ajin Firamare

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ne ga batu guda, wato shigowar waya da kwamfuta da intanet cikin koyarwa da jarrabawa a makarantun firamare. Mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili, kuma mun sakaya sunayen marubutan da na makarantunsu kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar gwamnati, ina riƙe da aji uku mai ɗalibai fiye da 80. An kai mu bita an nuna mana manhajojin da ake yi wa yara gwaji da su ta intanet, amma ajina babu wuta, yaran ba su da waya, tawa ce kaɗai. Shin akwai abin da zan ɗauka daga wannan bita, ko kuwa na makarantun kuɗi ne kawai? Daga wata malama a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Yawancin manhajojin da ake nunawa a irin wannan bita, kamar Kahoot da Google Forms, an gina su ne a kan zaton cewa kowane yaro, ko aƙalla kowane rukunin yara, yana da na'ura a gabansa kuma sabis ba ya ɗaukewa. Wannan zato bai dace da ajinki ba, don haka babu laifi idan kika ajiye su gefe. Akwai dai 'yan kaɗan da aka yi domin aji mai waya ɗaya tak, kuma su ne suka cancanci ki ba su lokacinki.

Ta farko ita ce Plickers. Ana buga wa kowane yaro katin takarda mai ɗauke da wani baƙin zane mai gefe huɗu, kowane gefe da harafinsa, daga A zuwa D. Za ki rubuta tambaya a allo tare da zaɓi huɗu, kowane yaro ya juya katinsa yadda harafin amsarsa zai kasance a sama, ya ɗaga, ke kuma ki bi ajin da kyamarar wayarki daga wannan kusurwa zuwa waccan. Kafin ki sauke hannu wayar ta nuna miki wanda ya dace da wanda ya kuskure, kowa da sunansa. Zanen kowane kati ya bambanta da na maƙwabcinsa, haruffan kuma ƙanana ne, saboda haka satar amsa ba ta da sauƙi. Wannan ya fi amsar da aji yake bayarwa da murya ɗaya nesa ba kusa ba, domin a can yaran bencin gaba ne suke amsawa, sauran suna bin bakinsu, malama kuma ta tafi gida da tunanin kowa ya gane. Iyakar katunan 63 ne, don haka sai kin raba ajinki gida biyu, kuma kina bukatar data wajen shigar da sunaye da tambayoyi. Ki manna katunan a kan kwali domin su jure hannun yara.

Akwai kuma ZipGrade, wadda take duba takardar amsa da yara suka cike da fensir ta hanyar kyamarar waya, ta fitar da maki nan take ko babu intanet. Ta fi dacewa da 'yan aji huɗu zuwa sama, kuma sigarta ta kyauta tana da iyakar takardun da za ta duba a wata.

Amma a aji uku, gwajin da na fi so ki fara da shi ba ya bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Babbar tambayar ajinki ita ce: yara nawa ne suke iya karatu? Ƙiyasin da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya nuna cewa kusan kashi 89 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi, kuma yaron da bai iya karanta tambaya ba, duk makin da ya samu a gwajin zaɓi canki ne. Hanyar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da ita, wadda aka yi aiki da ita a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa a Kano a ƙarƙashin shirin KaLMA, mai sauƙi ce. Ki kira yaro shi kaɗai, ki miƙa masa takarda mai ɗan sakin layi. Idan ya karanta, ki ba shi labari mai ɗan tsawo. Idan ya kasa, ki sauko da shi zuwa kalmomi, idan nan ma ya kasa, zuwa haruffa. Cikin 'yan mintuna kin san matakinsa a cikin biyar: bai san harafi ba, ya san haruffa, yana karanta kalma, yana karanta sakin layi, ko yana karanta labari. Yara shida ko bakwai a rana sun ishe ki ki gama ajin cikin makonni uku.

A nan ne wayarki za ta yi aikinta na gaskiya. Ki buɗe jadawali a cikinta, suna a gefe, mataki a gefe, ki maimaita gwajin a tsakiyar zango da ƙarshensa. Masu bincike ma haka suke yi da gwajin karatun farko na EGRA, wanda aka gudanar da Hausa a jihohin Bauchi da Sakkwato: babba ne yake riƙe da na'ura yana danna kalmar da aka kuskure, yaro kuwa takarda yake karantawa. Abin da ya rage shi ne ki yi aiki da abin da jadawalin ya nuna, ki ware awa guda a rana ki zaunar da yaran rukuni-rukuni bisa matakinsu. Idan sakamakon bai canza darasinki na gobe ba, data da cajin da kika kashe sun tafi a banza.

Tambaya: Ni hedimasta ne a wata makarantar kuɗi. Mai makarantar ya sayi kwamfutoci 20, yana so daga zango mai zuwa kowane aji, tun daga aji ɗaya, ya riƙa rubuta jarrabawa a kwamfuta. Hujjarsa ita ce ba a fafe gora ranar tafiya, tunda JAMB a kwamfuta ake yin ta. Ni dai raina bai kwanta ba. Me kuke gani? Daga wani hedimasta a Azare.

Amsa: Malam Hedimasta, hujjar maigidanka tana da tushe. JAMB ta fara jarrabawa a kwamfuta a 2013, ta koma kanta gaba ɗaya a 2015, WAEC ma ta fara da masu zana jarrabawa masu zaman kansu a 2024, kuma ba ƙaramin rashi ba ne ɗalibi ya fara taɓa kwamfuta a ɗakin jarrabawa. Sai dai tsakanin ɗan aji ɗaya da JAMB akwai shekaru fiye da goma, kuma sabawa da kwamfuta abu ne da ake samu a darasin kwamfuta na mako-mako, ba sai an rataya makin zango a kansa ba.

Matsalar ita ce abin da jarrabawar za ta auna. Yaro ɗan shekara shida ko bakwai da aka zaunar gaban kwamfuta yana fama da abubuwa uku a lokaci guda: karanta tambaya, sarrafa na'ura, da sanin amsa. Idan ya faɗi, ba za ka san wanne ne ya kayar da shi ba, kuma galibi yaron da ake da babbar waya a gidansu zai wuce wanda ya fi shi sanin darasin. Ban da haka, muhimman abubuwan da ake koya a aji ɗaya zuwa uku, wato riƙe fensir, tsara haruffa a kan layi, karatu a bayyane da nuna yadda aka bi aka kai ga amsar lissafi, babu wanda tambayar zaɓi take iya kamawa. Shawarata ita ce a bar ƙananan azuzuwa a takarda da gwajin baki, a fara jarrabawar kwamfuta daga aji biyar, kuma ko a can ta ɗauki wani kaso na makin, sauran ya fito daga rubutun hannu da aikin aji.

Inda kwamfutar take da fa'ida ta gaske shi ne bayan an gama jarrabawa, kuma nan ne makarantu da yawa suke barin riba a ƙasa, su tsaya ga jimillar maki da matsayin na ɗaya da na biyu. Manhaja kamar Google Forms tana nuna wa malami yadda aka amsa kowace tambaya ɗaya bayan ɗaya. A ce an tambayi yara su cire 27 daga 52. Amsa ita ce 25, amma malami mai lura zai sa 35 a cikin zaɓin da gangan, domin ita ce amsar da yaron da bai iya aro ba zai samu: ya ga ba zai iya cire 7 daga 2 ba, sai ya juya ya cire 2 daga 7, sannan ya cire 2 daga 5. Idan rabin aji suka zaɓi 35, malamin ya san darasin da zai maimaita ranar Litinin, ya kuma san waɗanda zai zauna da su. Tsara irin waɗannan tambayoyi yana bukatar malami ya san kurakuran yara, kuma a nan ya kamata maigidanka ya kashe kuɗin horo.

Gargaɗi ɗaya game da darasin Hausa. Idan aka ce yaro ya rubuta amsa da kansa kuma manhaja ta duba, ita harafi da harafi take kwatantawa. Malamin da ya ajiye amsa da ƙ mai lanƙwasa, yaro kuma ya rubuta da k saboda madannan kwamfutar ba su da ita, to an ci yaron zalunci ba tare da kowa ya lura ba. Ko dai a sanya madannan Hausa a kowace kwamfuta a koya wa yara, ko malami ya duba irin waɗannan amsoshi da idonsa.

Tambaya: Makarantar 'ya'yana ta koma turo aikin gida ta WhatsApp, har da bidiyo. Waya ɗaya ce a gidan, ina fita da ita kasuwa tun safe, ba na dawowa sai bayan isha'i, wani lokaci kuma babu data. Yaran suna shan faɗa a kan aikin da ba su gani ba. Daga wani mahaifi a Birnin Kebbi.

Amsa: Malam, ƙorafinka yana kan hanya, kuma ya kamata ka kai shi taron iyaye da malamai, domin da wuya a ce kai kaɗai ne. Ƙa'idar da ta dace ita ce duk aikin da za a hukunta yaro a kansa a rubuta shi a allo ya kwafa kafin a tashi, abin da aka turo ta waya ya zama tunatarwa ga iyaye ko ƙari ga mai hali. Rufe makarantu da aka yi a watan Maris na 2020 saboda annobar korona ya nuna wannan a fili, domin jihohin Arewa da dama ga rediyo da talabijin suka koma da darussa, sun san intanet ba zai kai ga yawancin gidaje ba. Data kuma ba ta yi sauƙi ba tun daga lokacin. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har zuwa kashi 50 cikin 100. Malamin da yake turo bidiyo mai nauyi alhali hoton allo ko gajeren saƙon murya zai wadatar, aljihun iyaye yake taɓawa. A tuna kuma cewa ƙa'idar WhatsApp kanta ba ta yarda yaro ƙasa da shekara 13 ya buɗe asusu da kansa ba, don haka ba daidai ba ne makaranta ta matsa a saya wa ɗan firamare waya saboda aikin gida.

Idan kana son wayarka ta amfani yaran a ɗan lokacin da take gida, ka nemi abin da ake saukewa sau ɗaya a yi ta amfani da shi. Dandalin Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF da Microsoft a watan Maris na 2022, kyauta ne kuma yana da darussa da Hausa. African Storybook da StoryWeaver suna da littattafan labarai na yara da Hausa masu hotuna. Labari ɗaya bayan sallar asuba ko ranar da ba ka fita kasuwa, yaro yana karantawa kana saurare, ya wadatar a matsayin mafari.

Tambaya: Ni ne shugaban kwamitin kula da makarantar garinmu. Wani ɗan garin da Allah ya buɗa wa ya yi alƙawarin ba da kuɗi, kuma yana so a saya wa yara ƙananan kwamfutocin hannu a raba musu. Kafin mu karɓa muna neman shawara. Daga wani dattijo a ƙasar Kazaure.

Amsa: Ranka ya daɗe, Allah ya saka wa mai bayarwa da alheri, ya kuma saka muku da kuka tsaya tambaya kafin saye. Raba wa yara na'ura an gwada shi a ƙasashe da dama, kuma misalin da aka fi nazari shi ne na Peru, wadda ta sayi kwamfutoci fiye da 800,000 a ƙarƙashin shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro. Binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012, wanda ya shafi makarantun karkara 319, ya gano cewa yaran sun iya sarrafa na'urar, amma makinsu na lissafi da harshe bai ƙaru ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: an ba da na'ura, ba a ɗaura ta da darasin da malami yake koyarwa ba.

Inda aka ga alamun nasara, tsarin ya sha bamban. A Malawi, shirin da gwamnati ta fara a 2023 yana amfani da ƙananan kwamfutoci masu manhaja guda ta karatu da lissafi cikin harshen Chichewa, na'urorin suna zama a makaranta, ana cajinsu da hasken rana, azuzuwa suna karɓa bi da bi a lokacin da aka tsara. A jihar Edo kuwa, shirin EdoBEST da aka fara a 2018 malamai ya bai wa na'urar, tana ɗauke da darasin kowace rana, tana kuma nuna wa hukuma ko malami ya zo aiki. Akwai masu sukar wannan tsari da cewa yana mayar da malami mai karanto abin da aka rubuta masa, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya, amma ya nuna cewa na'ura ɗaya a hannun malami tana iya shafar aji guda.

Kafin ku sayi komai, ku zauna da hedimasta ku amsa tambayoyin da ba a cika yi ba ranar bikin miƙa kaya. A ina za a yi caji, kuma wa zai sayi sabon batirin sola idan wannan ya mutu? Wane ɗaki ne yake da ƙofa da tagar da ɓarawo ba zai ɓalle ba? Idan gilashi ya fashe, ko ƙurar hunturu da zafin bazara suka kashe na'ura, wa zai kai ta gyara, da kuɗin wa? Me ke cikinta da harshen da yaran suke ji? Idan kuɗin ba zai ɗauki waɗannan na tsawon shekaru uku ko huɗu ba, to ku roƙi mai bayarwa ya rage yawan na'urorin. A ganina, sola mai kyau, na'ura ga kowane malami, majigi guda, injin buga takarda da littattafan karatu da za su isa hannun kowane yaro sun fi ɗaruruwan na'urorin da za su ƙare a kulle a ofishin hedimasta saboda tsoron lalacewa. Idan an samu rarar sayen na yara, saiti ɗaya na aji guda ya isa, a sa masa manhaja irin Kolibri, wadda aka yi ta domin makarantun da ba su da intanet.

Tambaya: Makarantar 'yata tana sanya sakamakon dukan ɗalibai a zauren WhatsApp na iyaye, tana kuma ɗora hotunansu a Facebook. 'Yata ta zo kusa da na ƙarshe, yanzu ba ta son zuwa makaranta. Ina da ikon hanawa? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, kina da iko. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta tanadi a sashe na 31 cewa inda ake bukatar amincewa kafin sarrafa bayanan yaro, daga iyaye ko mai riƙonsa za a neme ta. Makaranta tana da hujjar ajiye maki domin aikinta, amma baza shi ga iyayen wasu, ko tallata makaranta da hoton yarinya, wani abu ne daban. Ki rubuta wa hukumar makarantar takarda cikin ladabi, ki nemi a cire hotunan kuma a riƙa turo miki sakamakon 'yarki ke kaɗai, ki ajiye kwafi. Idan aka ƙi, hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ce take karɓar irin wannan ƙorafi. Ki kuma nemi ganin malamar ajin a kan darussan da yarinyar ta yi rauni, domin cire sunanta daga zaure ba zai gyara wannan ɓangaren ba.

Tambaya: Abokan aikina sun fara amfani da ChatGPT wajen shirya darasi da tambayoyin jarrabawa. Ya halatta malami ya yi haka, ko ha'inci ne? Daga wani malami a Gusau.

Amsa: Malam, ba ha'inci ba ne muddin kai ne mai hukunci na ƙarshe a kan abin da zai shiga aji. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna rage wahala wajen fitar da tambayoyin lissafi masu yawa a mataki ɗaya, ko sauƙaƙa wani dogon bayani zuwa yadda ɗan aji huɗu zai gane. Amma suna kawo kuskure da cikakken ƙarfin hali, kuma rauninsu ya fi fitowa a Hausa: za ka ga jimla mai ƙirar Turanci, ko karin maganar da babu Bahaushen da ya taɓa jin ta, ko misali da abincin da yaran Gusau ba su taɓa gani ba. Saboda haka ka gaya wa manhajar ajin da kake koyarwa da batun da ke cikin tsarin karatu na makon, ka warware kowace tambaya da kanka kafin ka buga, ka karanta ta a bayyane ka ji ko haka za ka faɗa wa yaro, kuma kada ka zuba mata sunayen ɗalibai da makinsu. Gwajin da Bankin Duniya ya yi da irin wannan manhaja a birnin Benin a 2024, wanda ake yawan kafa hujja da shi, da ɗaliban babbar sakandare aka yi shi, bayan an tashi daga makaranta, kuma malamai suna tsaye a kansu, don haka bai zama dalilin miƙa ta ga ɗan firamare shi kaɗai ba. Ka tambayi hedimastanku ko makarantar tana da wata ƙa'ida a kan wannan. Idan babu, ku zauna ku rubuta ta tare kafin jarrabawar zango mai zuwa.